Kunyar Sabi'u

Damagaram, farkon Satumba

Yaya Ibrah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Balkisa, da fatan gonar tattasai tana yin kyau. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke tashi duk ranar da hadari ya haɗo. Faridatou ta saba da gidana, tana ci tana sha, ta ce a gaishe ka, ko da yake na san safe da yamma kuna kan waya.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani, kai ka jawo. In na kira ka muna gaisawa, muryarka tar take fita kamar kana tsakar gidana. Da na taɓo maganar makarantar yarinyar nan sai ka hau "alo, alo, Biba, rezo ya tafi". Shi ya sa na rubuta na ba Mahaman mai kamiyon dakon tattasai ya damƙa maka hannu da hannu. Takarda dai ba ruwanta da rezo.

Ga maganar da kake gudu. Na raka Faridatou jami'a don a yi mata rajistar karatun likita. Matar da ke biro, ofishin rajistar, ta ce mana gwamnati ta yafe kuɗin karatu ga 'ya'yan sojojin da suka rasu a bakin aiki, har da ɗakin kwana. Na ce alhamdulillahi, ai wannan ubanta Sabi'u a Bosso ya faɗi, da kakinsa a jiki. Sai ta buɗe takardar haihuwa ta ce, "Amma nan Faridatou Ibrah aka rubuta. Ibrah ɗin ne sojan?" Na ce a'a, Ibrah yayanmu ne, yana nan Diffa da ransa garau, ya fi ni lafiya ma. Matar nan ta cire tabarau ta dube ni kamar na zo yi mata damfara. Aka nemo takardun Sabi'u na soja, aka tarar da sunayen ƙannenta maza, ita babu.

Ni da kai mun san yadda aka yi. Kunyar 'yar fari ce ta Sabi'u. Tun da aka haifi yarinyar nan har Allah ya karɓi ransa bai taɓa buɗe baki ya kira sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar Yaya". Ana yaye ta ya sa aka kai muku ita kai da Yaya Balkisa, tunda Allah bai ba ku haihuwa ba. Ranar da za a sa ta lakwal, makarantar boko, kuma ina tsaye. Malamin ya tambayi sunan uba, Sabi'u da ya zo hutu ya sunkuyar da kai ya fice waje wai zai duba babur ɗinsa, kai kuma ka ce a rubuta Ibrah. Da wannan sunan aka yi mata takardar haihuwa. Mun yi ta dariya a lokacin, yau ga shi dariyar ta dawo mana.

Abin da ake bukata ba shi da wuya. Ka je kotu nan Diffa, kai da Kaltum uwar yarinyar, a gyara takarda a sa sunan Sabi'u. Ƙarshen Nuwamba za a rufe rajista, kuma ba za su jira mu ba. Don Allah ka ba Mahaman amsa kafin ya juyo.

Ƙanwarka,
Biba

Diffa, tsakiyar Satumba

Biba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, Balkisa tana amsawa, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi, ko da yake ke ce ta asibiti. Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba irin naku ba. Maganar rezo kuwa, ba a aljihuna yake ba.

Na karanta, na sake karantawa, har na je kotun da ƙafata na tambaya, don kada ki ce ban motsa ba. Wani ma'aikaci ya yi mini bayani. Ya ce zan tsaya gaban alƙali, gaban jama'a, in faɗa da bakina cewa ba ni na haifi Faridatou ba. Daga nan a kan kowace takarda tata za a san ta a matsayin marainiya. Ke kika ce ba wuya. To ni bakina ba zai faɗa ba.

Ba kya nan ranar da labarin Bosso ya iso, sai washegari kika zo. Gida ya cika da mata ana kuka. Faridatou ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Baba, yanzu ni marainiya ce?" Na ce mata muddin ina numfashi babu wanda zai kira ki da wannan suna. Ban faɗa don in lallashe ta ba, alkawari na ɗauka. Yanzu kina so in yi wanka in sa babbar riga in je in kira ta da shi da kaina, a buga hatimi a kai.

Faridatou 'yata ce. Ni na goya ta a kafaɗa zuwa asibiti lokacin ƙyanda. Ni na riƙa kai ta lakwal a keke har ta fara jin kunyar keken. Ranar da aka fito da sakamakon bak, jarrabawar shiga jami'a, duk kasuwar tattasai ta ji ni ina ihu, "Faridatou ta ci!" har wani Babarbare ya ɗauka gobara ce. Sabi'u ƙanena ne, ina kewarsa kullum, amma shi ya ba ni ita, kuma bai ce aro ba.

In don kuɗi ne, ki kwantar da hankalinki. Tattasai bana ya yi kyau, rabon da in ga irinsa na manta. Da an tsinke zan biya, bana da baɗi da duk shekarun da za ta yi. Gwamnati ta riƙe sadakarta ta ba waɗanda ba su da kowa. Faridatou tana da uba.

Na ba Mahaman bandar kifi da ɗan manshanu, ki ba ta, ta fi son banda a miyar kuka. Kada ki cinye.

Yayanki,
Ibrah

Damagaram, ƙarshen Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Banda ta iso, ban cinye ba, na dai ɗanɗana. Muna lafiya, sai dai wasiƙarka ta sa mini ciwon kai wanda ya fi na gwiwa.

Wai tattasai zai biya! Yaya, tattasai albashi ne? Ka manta shekarun da aka hana fataucinsa, buhuna suka jibge a ɗakinka har Yaya Balkisa ta koma kwana a rumfa saboda atishawa? Ka manta shekarar da tsutsa ta cinye? Karatun likita ba damina ɗaya ba ne. Na ga yara a nan da suka fara da murna, iyayensu suka gaza a tsakiya, yanzu suna sayar da katin waya a tasha. Ba na so yarinyar nan ta yi rabin hanya ta dawo.

Kuma ka daina cewa sadaka, raina yana ɓaci in na ji. Wace sadaka? Sabi'u da jininsa ya biya. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, ɗan abin da aka bayar ya tafi wajen Kaltum da yaran maza, ita wannan ko allura ba ta samu ba, don babu sunanta. Yana raye kunya ta hana shi ya ɗauke ta, ta hana shi ya zauna kusa da ita. Na sha ganinsa yana leƙenta ta taga tana wasa, da ta waiwayo sai ya kau da kai. In ya zo hutu ni yake ba wa tsarabarta a ɓoye ya ce, "Ki ba yarinyar Yaya, kada ki ce ni ne." Wannan yafewar ita kaɗai ce abin da zai iya ba ta a fili, kai kuma ka tare ƙofa.

Ni ungozoma ce, kullum ina rubuta sunayen iyaye a takardar haihuwa. Ban taɓa ganin takarda ta shayar da yaro ko ta kai shi asibiti ba. Babu wanda zai ƙwace maka abin da ka yi. Amma gaskiya gaskiya ce. Ka mayar wa Sabi'u da 'yarsa, ka ji tsoron Allah.

Faridatou ba ta cewa komai. Kullum da safe tana wanke min kwanuka tana kallon 'yan jami'a suna wucewa. Na fi son ta yi kuka da wannan shirun.

Biba

Diffa, farkon Oktoba

Biba,

Lafiya muke. Na karanta takardarki har inda kika ce in mayar wa Sabi'u da 'yarsa. Daga nan na ninke, sauran Balkisa ce ta karanta.

Ashe haka kuke gani. Ashe duk shekarun nan ajiya aka ba ni, ni ne ban sani ba, yanzu kuma masu kaya sun zo karɓa. Har da in ji tsoron Allah, kamar wanda ya ci dukiyar marayu. Na gode. Ni manomi ne, ku ne masu ilimi, ku kuka san doka. Ku yi yadda kuka ga dama, ni na yi shiru.

Komadugu, kogin nan namu, tana ta cika, dattawa sun ce rabonsu da ganin haka an daɗe. Gobe za mu fara jera buhunan yashi a bakin gonaki. Ki gaida Faridatou, ki ce mata ta riƙa shiga gidan sauro.

Ibrah

Damagaram, ƙarshen Oktoba

Yaya Ibrah,

Na gaishe ka don addini ya ce a yi gaisuwa, ba don raina yana so ba. Ina fatan kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da idonka biyu.

Ka rubuta mini da hannunka cewa mu yi yadda muka ga dama. Na ce alhamdulillahi, Yaya ya sauko. Na roƙi mijin wata abokiyar aikina da ke Diffa ya nemo mana rana a kotu, ya yi ta sintiri har ya samu. Na kira Kaltum, na roƙi sabon mijinta ya bar ta ta zo daga Foulatari. Matar nan ta shiga motar kasuwa da goyo a baya ta zo. Na turo maka saƙo a waya, na gaya maka ranar. Kaltum ta zauna a bencin kotu tun safe har aka tashi, jaririnta na ta kuka, ana kiran Ibrah, Ibrah, babu Ibrah. Mijin abokiyata ya je gidanka ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Wayarka a kashe har yau. Ka kunyata ni gaban mutanen da ba su ci mana komai ba.

In ba ka yarda ba me ya hana ka ce ba ka yarda ba? Shekarunka sun wuce wasan ɓuya.

To ga abin da taurin kanka ya haifar. Lokacin da Kaltum ta kira ni tana ba ni labari, na yi ta faɗa a waya, na faɗi abubuwa a kanka da ba zan rubuta ba. Ban san Faridatou tana bayan labule ba. Washegari na dawo daga aiki na tarar ta share gida, ta dafa abinci, jakarta babu. Sai saƙo a wayata: "Gwaggo, na tafi gida. A bar maganar karatun, kada ku ɓata saboda ni." Na kira, ba ta ɗauka ba. Jininku ɗaya a wannan, kowace takarda ta ce abin da ta ga dama.

Mahaman ya daina zuwa, wai babu kaya. Wannan ta hannun wani direban bas na aiko. Na ji a rediyo ana maganar ruwa a wajenku, ban san iyakarsa ba, kuma babu mai gaya mini. Ka sanar da ni yarinyar ta iso, ko da ba za ka sake ce mini komai ba har abada.

Biba

Diffa, farkon Nuwamba

Biba,

Faridatou ta iso lafiya. Na fara da wannan don ki samu ki yi numfashi kafin ki ci gaba da zagina.

Mu ma da ranmu, amma gona ta tafi. Komadugu ta karya buhunan da muka jera, ta shiga gonaki, ta wuce ta shiga unguwa. Tattasan da nake yi miki alfahari da shi yana ƙarƙashin ruwa, sai kawunansa ja-ja da ake hangowa. Na tsamo injin ban ruwa da ƙyar, a nan wayata ta faɗa. Don haka wannan karon da gaske ne babu rezo. Bangon gidanmu na baya ya zauna, muka kwashe muka koma gidan ƙanin Balkisa. Kwaɗon da aka gani ke nan. Saƙonki ban gan shi ba.

Amma ba zan ɓoye bayan ruwa ba. Ko na gani ba zan je ba. Ke da kika yi ta karatu, in mutum ya ce ku yi yadda kuka ga dama, ya yarda ke nan? Innarmu in ta faɗi haka wa yake motsawa a gidan? Kin karanta abin da kike so ki karanta. Ni ma Balkisa ta ce haka na yi da taki takardar, wai kin rubuta cewa babu mai ƙwace mini abin da na yi, ni kuma na tsallake wurin. Na ce mata ba ta cikin maganar, ta ce ai ita ta yi goyon.

Ina bakin ruwa muna cika wasu buhunan sai na ga Faridatou ta taho da jaka a ka. Ta ajiye ta karɓi shebur. Na ce ina makaranta? Ta ce, "Baba, ni ban yarda ka tsaya gaban mutane ka ce ni ba taka ba ce. Likitancin ya zauna." Biba, ranar na ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi ta yawo ina nuna ta, ina cewa kun ga Faridatou, ta baro birni ta zo taya ubanta.

Jin daɗin bai daɗe ba. Inda aka tsugunar da waɗanda gidajensu suka rushe yara suna ta gudawa, ma'aikacin lafiya guda ne. Sai na ga tana bin sa, tana riƙe masa yara, tana haɗa ruwan gishiri da sukari, tana tambayarsa wannan me ye, wancan me ye. Fuskarta ta canza, rabon da in ga haka tun ranar bak. Da yamma ta dawo tana ba Balkisa labari baki har kunne, ta hango ni sai ta yi shiru ta ɗauki tsintsiya. Wannan shirun da kika ce, na ji shi.

Ba ni da tattasai, ba ni da abin biya, kuma yarinya tana shirin binne kanta don kada in ji kunya. Na yi mata alkawarin ba za a kira ta marainiya ba. Ban yi mata alkawarin za ta tsufa tana cika buhun yashi ba.

Ki ce wa mutumin nan ya sake nemo rana. Ki ba Kaltum haƙuri, ni zan aika a ɗauko ta. Kuma don kada ki sake karantawa yadda kika ga dama, ga shi na rubuta da manyan baƙi: ZAN JE. Kada ki rubuto ki ce ai kin faɗa.

Ibrah

Diffa, tsakiyar Nuwamba

Biba,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa. Muna lafiya, ruwa ya fara ja baya, ya bar mana laka da sauro. Saƙonki na ranar kotu ya iso ta wayar ƙanin Balkisa, da "ai na faɗa" ɗin da na hana ki a ƙarshensa.

Mun je. Ni, da Balkisa, da Kaltum, da yarinyar. Ita sai da na yi mata tsawa kafin ta sa takalmi, abin da ban taɓa yi ba.

Alƙalin ba tsoho ba ne, amma yana da natsuwa. Ya fara da Kaltum. Ya ce, "Malama, ke kika haifi wannan?" Biba, da kin ga ikon Allah. Matar nan da ta sha wahalar hanya har karo na biyu, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa yarinyar baya, ta ce, "Ai su Yaya suna nan, su suka sani." Ya sake tambaya, ta sake nutsewa cikin mayafi. Mutanen da ke benci suka fara dariya. Na ce a raina, Sabi'u, kai da matarka kun gama da mu.

Alƙali ya yi murmushi ya ce, "Na gane, mu ma a gidanmu haka ake yi. Amma takarda ba ta san kunya ba, sai wani ya faɗa da baki." Sai ya dube ni. Uba ya rasu, uwa ta shige mayafi, saura ni.

Na fara kewaye-kewaye. Na ce ranka ya daɗe, ƙanena ne ya kawo mini ita tana ƙarama. Na ba shi labarin ƙyanda, na ba shi labarin keke. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Malam Ibrah, kai ka haife ta?" Na waiwaya. Yarinyar tana zaune kusa da Balkisa, ta kafe ni da ido tana girgiza kai a hankali, wai kada in faɗa. Sai na kau da kaina daga wajenta, na dubi bango, na ce, "Ba ni na haife ta ba. Sabi'u ne ubanta, ya rasu a Bosso." Muryata ta fita kamar ba tawa ba.

Na faɗa, Biba. Rufin kotu bai faɗo ba, mai rubutu ya rubuta, aka kira masu shari'ar wata saniya. Ni dai na fita na zauna a bakin baranda. Ban taɓa jin zafin magana irin wannan ba, ko ranar da ruwa ya ci gona ban ji haka ba. Yarinyar ta zo ta durƙusa gabana ta ce, "Baba, tashi mu je gida." Kaltum kuma, da ta tabbatar babu mai kallonta, ta cusa wa Balkisa wani ƙullin turaren wuta ta ce a ba "waccan".

Takardar ta fito da hatimi, da sunan Sabi'u a inda nawa yake. Na riƙe ta na daɗe ina kallo. Sunan ya zauna daidai, ban san zai zauna haka ba. Gobe da safe yarinyar za ta shiga bas da ita, na sa Balkisa ta ɗinke mata ita cikin jaka. Ki tare ta a tasha. Ki kai ta biron nan da kanki, ki ce wa mai tabarau ta buɗe ido da kyau. Ki saya wa yarinyar gidan sauro sabo, nata ya yage. Kuma ki riƙa sa mata ido, ba ta faɗa in ba ta da lafiya.

Yayanki,
Ibrah

Damagaram, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa ta gaske wannan karon, da Yaya Balkisa. Allah ya mayar da abin da ruwa ya ci. Gwiwa da sauƙi.

An karɓa. Mai tabarau ta duba ta buga hatimi ana saura ƙiris a rufe. Faridatou ta shiga aji, ta samu ɗaki, ta sayi farar riga da ta yi mata yawa. Na gode, Yaya. Na san abin da ka biya, kuma ba zan sake yi maka gori ba, aƙalla har sallah.

Amma ka bar ni da wani sabon aiki. Yarinyar nan da ta sauka daga bas kuka take yi. Ta ce tun da kuka fito daga kotu ba ka sake kiran sunanta ba. Kai da duk kasuwar tattasai ta haddace sunan daga bakinka, wai a tasha kana tsaye kusa da ita ka ce wa Yaya Balkisa, "Ki ce wa yarinyar nan ta riƙe jakarta da kyau," sannan ka fice wai za ka duba tayar bas. Ta ce Baba ya yi fushi, Baba ya sallama ta.

Na ɗauko wasiƙunka na baza mata. Na farko duk Faridatou ne, sama da ƙasa. Ta ƙarshe na bi ta layi-layi, ko sau ɗaya babu. Na ce mata, ke, share hawayenki, wannan ba fushi ba ne. Na taɓa ganin wani mutum yana fita duba babur. Ciwon gidanmu ne, kuma ba ya kama kowa sai uba. Sai ta sake fashewa da kuka, amma ba irin na farko ba.

Don haka ga ni nan da yarinya guda, uwa guda, uba biyu, kuma duk cikinku babu mai iya kiran sunanta sai ni. Allah ya shirye ku.

Na ba direban bas waya ya kawo maka, tsohuwa ce amma tana aiki. Ka kira ta ranar Juma'a bayan masallaci, ba ta da aji. Ba sai ka ambaci suna ba, ta san muryar ubanta.

Ƙanwarka,
Biba